Yadda Za Ka Kafa Ƙungiyar Kallon Tsuntsaye a Makarantarku

A kusan kowace makaranta akwai yaron da malamai suka gaji da shi. Aljihunsa cike da tsakuwa, danƙo rataye a wuya ƙarƙashin rigar makaranta, ba ya minti goma a aji bai leƙa taga ba. Amma ka tambaye shi inda kurciya ta yi sheƙa a harabar makarantar, zai kai ka har gindin bishiyar, ya gaya maka ƙwai nawa ne a ciki. Idan kai malami ne mai niyyar kafa ƙungiyar kallon tsuntsaye, wannan yaron za ka fara nema, tun kafin ka yi maganar kayan aiki. Idonsa ya riga ya waye, kunnensa ya san kuka. Abin da ya rage shi ne ya ajiye danƙo ya ɗauki fensir.

An ƙidaya tsuntsaye iri daban-daban sama da 900 a Najeriya. Kada wannan adadi ya tsorata ka, domin ba su ne aikinka ba. Aikinka waɗanda ke sauka kan darbejiyar bayan ofis ne, da masu shan ruwa a gindin famfon da ke ɗiga, da masu kiwo a filin ƙwallo da sassafe. Makarantar da ke da 'yan bishiyoyi da ruwa za ta iya ba ka iri ashirin ko fiye cikin zangon karatu ɗaya, ba tare da kowa ya fita ƙofa ba.

Fara da kanka

Kafin ka kira yaro ko ɗaya, ka ɗauki mako biyu kana zuwa makaranta rabin awa kafin taron safe. Zagaya harabar a hankali, kana rubuta abin da ka gani da inda ka gan shi. Wanda ba ka san sunansa ba ka siffanta shi: ƙarami, ja-ja, yana tsince a ƙasa kusa da ɗakin girki. Cikin mako biyun za ka gane wuraren da tsuntsaye suka fi so, wanda yawanci ba su wuce uku ko huɗu ba, kuma su ne za su zama zangunanku in an fara fita. Ba sai ka zama gwani ba. Malamin da ya ce wa yara “wannan ban san shi ba, ku zo mu duba” ya fi koya musu aikin a kan wanda ke ƙirƙiro suna don kada a raina shi.

Izini, da yadda za ka gabatar da maganar

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan ka shiga ofishin shugaban makaranta ka ce kana so yara su riƙa kallon tsuntsu, zai yi maka kallon marar aikin yi, kuma ba laifinsa ba ne. Ka je da takarda shafi ɗaya. Ka rubuta sunan ƙungiyar, da ranar haɗuwa, da yawan ɗalibai, da malaman da za su kula, sannan ka nuna inda aikin ya haɗu da darussan da ake koyarwa: rarrabe halittu da abin da kowace ke ci a darasin kimiyya da bayoloji, abokan manomi da maɓarnata a darasin aikin gona, ƙaura da yanayi a labarin ƙasa, ƙidaya da zana jadawali a lissafi. Ka faɗa masa a fili cewa zangon farko ba za ku fita harabar makaranta ba kuma ba ku neman kuɗi. Waɗannan biyun su ne fargabarsa, ko bai faɗa ba. In makarantar tana da ƙungiyar matasa manoma ko ta kimiyya da ke aiki, ya fi sauƙi ku fara a ƙarƙashinta, daga baya ku ware.

Iyaye kuma sai ta taron iyaye da malamai. Wani uba zai ce ya turo ɗansa karatu ne ba yawon banza ba. Kada ka yi masa dogon bayanin kare muhalli. Tuna masa cewa a Suratul Mulk an yi tambaya ko mutane ba su dubi tsuntsaye a samansu ba, suna shimfiɗa fukafukai suna naɗewa, kuma alhudahuda ce ta kawo wa Annabi Sulaiman labarin Saba'u, hankaka kuma shi ya nuna wa ɗan Adam yadda ake binne gawa. Iyaye Kirista sun san inda aka ce a dubi tsuntsayen sama, ba sa shuka ba sa girbi. Sannan ka gayyaci duk mai shakka ya biyo ku fita ɗaya. Duk ranar da za a fita daga makaranta, ko da bayan katanga ne, sai da takardar amincewa mai sa hannun uba ko uwa.

Su wa, kuma su nawa

Yara goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa. Ranar da ka sanar, hamsin za su rubuta suna, saboda suna zaton yawon buɗe ido ne da mota. Kada ka kori kowa: ka sa haɗuwa uku na farko da ƙarfe shida da rabi na safe, masu niyya za su tace kansu. Idan har suka yi yawa, raba su rukuni biyu su riƙa fita mako-mako, domin yara talatin in suka doshi bishiya ko hankaka ba zai tsaya ba.

'Yan aji biyar da shida na firamare da 'yan ƙaramar sakandare sun fi dacewa. 'Yan ajin ƙarshe jarrabawar WAEC da NECO ta sha musu kai. Ka nemi malama ta zama abokiyar aikinka tun ranar farko, in ba haka ba iyaye ba za su bar 'yan mata su zo ba, kuma asara ce, don sau da yawa su ne masu haƙurin tsayawa wuri ɗaya da rubutu mai tsabta. Muƙamai uku sun wadatar: shugaba, da magatakarda mai riƙe babban littafi, da mai kula da kaya. Wannan na ukun ka ba yaron danƙo. Wanda aka damƙa wa amana a gaban jama'a da wuya ya ci ta.

Lokaci

Tsuntsaye sun fi motsi da kuka daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana kowa ya shige inuwa. A makarantar kwana safiyar Asabar ba ta da na biyu. A ta jeka-ka-dawo kuwa sai ka yi la'akari da Islamiyya, wadda ke cinye yammacin yara har da safiyar Asabar da Lahadi a wurare da dama. Tun da makarantun allo da Islamiyya da yawa suna hutun Alhamis da Juma'a, yammacin Alhamis yakan fi zama daidai. Ka tambayi yaran da kansu. Minti arba'in zuwa awa ɗaya ya isa, sau ɗaya a mako, amma kada ya tsallake. Da azumi a mayar da shi safe a kuma taƙaita.

Kayan aiki

Littafin rubutu mai shafi arba'in da fensir ga kowane yaro. Fensir na ce, ba biro ba, don biro yana ƙin rubutu cikin ƙura kuma ba a zane da shi da kyau. Sai babban littafi ɗaya mai kauri na ƙungiya. Da waɗannan kaɗai za ku iya shekara guda kuna aiki na gaske.

Madubin hangen nesa yana ƙara daɗi ƙwarai, amma guda biyu sun ishi yara goma sha biyar. In za ka saya, duba lambobin da ke jikinsa. Mai 8x42 shi ne na kowa da kowa: 8 ɗin yana nufin ya kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda shi ke shigar da haske. Ga ƙananan hannu 8x32 ya fi rashin nauyi. Ka guji waɗanda aka rubuta wa manyan lambobi irin su 20 ko 60 da ake tallarsu da arha, domin hannu ba ya iya riƙe su ba rawa, kuma ganinsu ƙunci ne, kafin yaro ya lalubo tsuntsun ya tashi. Kafin ka biya, leƙa wata wayar lantarki daga nesa: in ka ga ta rabu biyu ko idonka ya fara ciwo, mayar masa da abinsa.

Koya wa yara saita shi tun a aji. A lanƙwasa shi har da'irori biyun su haɗe su zama ɗaya. A rufe idon dama, a murza abin tsakiya har hoto ya fito fes. Sannan a rufe na hagu, a murza zoben da ke jikin ɓangaren dama. Daga nan abin tsakiya kaɗai za a riƙa taɓawa. Babbar dabarar ita ce kada ka ɗauke ido daga tsuntsun: ka kafe shi da ido, ka ɗago madubin ya same ka. Su gwada da rubutun allon makaranta daga nesa har hannu ya saba. Igiya a wuya kullum, ba a duban rana da shi ko da wasa, kuma lokacin hunturu a hure ƙurar gilashi kafin a goge da ƙyalle mai laushi, don gogewa da bakin riga yana karce shi.

Littafin gane tsuntsaye da aka fi amfani da shi a yankinmu shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey. Yana da tsada, kwafi ɗaya ya isa. In bai samu ba, manhajar Merlin kyauta ce: ka sauke kundin da ya ƙunshi Najeriya a wayarka inda akwai intanet, daga baya tana aiki ko babu. Waya ɗaya, a hannun malami. In kowane yaro ya riƙe waya, kallon waya za a yi.

Fitar farko: koyon gani

Kada ka fara da lacca. Kai su wuri mafi kyau cikin waɗanda ka gano, ka zaunar da su, ka ce kowa ya rufe ido minti biyu yana ɗaga yatsa duk lokacin da ya ji wani kuka daban. Za su yi dariya da farko. Da suka buɗe ido za ka ga mai yatsa huɗu da mai shida, gardama ta kaure, ƙungiya ta kafu ke nan.

Daga nan sai tambayoyin da za su riƙa yi wa kowane tsuntsu, kuma a jere. Girmansa: ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka, ko zabo? Waɗannan huɗun kowa ya san su, su ne mudun awonku. Bakinsa: gajere mai kauri na fasa tsaba, siriri na tsintar ƙwari, lanƙwasasshe na yagar nama, ko dogo kamar mashi na kamun kifi irin na zalɓe? Ƙafa da wutsiya: dogaye ko gajeru? A ina yake, me kuma yake yi: tafiya yake ko tsalle, shi kaɗai ko cikin garke? Launi shi ne na ƙarshe, ko da yake shi yara ke fara faɗa. Launi yana yaudara. Hasken safe da na yamma suna sauya shi, mace da namiji sukan bambanta, kuma namijin kabare da ke rawaya shar da damina in rani ya yi sai ya koma ruwan ƙasa kamar matarsa, ka rantse wani tsuntsu ne.

Hana su nuni da hannu da ihun “ga shi can!”. Su ɗauki bishiya kamar fuskar agogo: “darbejiya ta biyu, ƙarfe uku, kan busasshen reshe”. Cikin mako biyu za su ƙware.

Kowace fita a rubuta rana, da lokacin farawa da gamawa, da wuri, da yanayin gari, sannan jerin tsuntsaye da adadinsu. Misali: Alhamis, 5:00 zuwa 5:40 na yamma, bayan ɗakin gwaje-gwaje, hazo kaɗan, kurciya 6, hasbiya 2, hankaka 3, shirwa 1 tana jewa, wani ƙarami mai shuɗin ciki 4. Wanda ba a gane ba a zana shi nan take, ko da zanen ya yi kama da dankali mai ƙafa, a ja kibiya a rubuta “jan baki”, “farin layi a fiffike”. Sai an gama zane za a buɗe littafi. In aka fara buɗe littafi, yaro zai ga abin da ke cikin hoton ne, ba abin da ke kan reshe ba. A ƙarshe a zauna minti goma, magatakarda ya haɗa jeri ɗaya a babban littafi, kuma ba a shigar da tsuntsu sai mutum biyu sun gan shi. Wannan doka za ta cece ka daga yaron da ke ganin jimina a bayan ajinsu.

Sunaye: aikin da ba wanda zai yi muku

A ganina nan ne ƙungiyar makarantar ƙasar Hausa ta fi kowace dama. Littattafai da manhajoji suna ba da sunan Turanci da na kimiyya, amma sunayenmu suna bakin tsofaffi, kuma suna tafiya da su. Yaron birni a yau ya san tattabara da ungulu da mujiya, wataƙila da balbela. Ka ce masa bardo, ko carki, ko yautai, ko ragon maza, ko zakaran ƙeƙuwa, sai ya yi zuru.

Ka ba kowane ɗan ƙungiya aikin gida: ya zauna da kaka ko wani dattijo a unguwa, ya rubuto sunayen tsuntsaye goma da abin da ake faɗa game da kowanne. Za su dawo da kaya. Wani zai kawo “balbela ci da motsin wani”, sai ku je ku ga yadda take bin ƙafar shanu tana cafke farar da suka tayar. Wani zai kawo “hankaka mai da ɗan wani naka”, ko “ungulu ba ki jewar banza”. Sau ɗaya a zango ku gayyaci maharbi ko masunci ko makiyayi ya zo makaranta, a ba shi kujera a gaba, a kira shi Baba, a nuna masa hotuna yana faɗin suna. Maharbi zai ba su labarin yadda ake ɗaura kan burtu a goshi a sunkuya a kusanci namun daji, abin da babu shi a manhajar kowa.

Ku ware shafuka a babban littafi masu layi huɗu: sunan Hausa, garin da aka ji shi, sunan littafi, da abin da ake faɗa. Za ku tarar suna ɗaya ya rufe tsuntsaye da yawa, kamar shaho da ake kiran masu farauta iri-iri da shi, kuma tsuntsu ɗaya yana da suna daban a Sakkwato da Haɗeja da Damagaram. Kada ka yanke hukuncin wane ne daidai, a rubuta duka. In akwai yara masu jin Fulatanci ko Barbarci ko wani harshe, a ƙara musu layi.

Camfi ma zai zo, musamman kan mujiya. Kada ka yi wa kakar yaro dariya a gabansa. In kun sami inda mujiya ke kwana a rufin wani tsohon aji, ku duba ƙasa, za ku ga dunƙulen gashi da ƙashi da take amayarwa. Malami ya sa safar hannu ya warware ɗaya da tsinke, yara su ga ƙoƙon kan ɓera da idonsu. Ɗan manomin da ya san ɓarnar ɓera a rumbu zai yi lissafin da kansa.

Dokoki

Ba a taɓa sheƙa, ba a ɗaukar ƙwai ko 'ya'ya, ba a nuna wa wanda ba ɗan ƙungiya ba inda sheƙa take. Akwai hadisin da Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke, yara suna riƙe shi da sauri. Danƙo da tarko ba sa zuwa fita. Mataccen tsuntsu ko marar lafiya ba a taɓa shi da hannu: murar tsuntsaye mai tsanani ta fara bayyana a Najeriya a 2006 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma tana dawowa lokaci-lokaci. In kun ga da yawa sun mutu wuri ɗaya, a sanar da ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Sauran dokokin na zaman jama'a ne, kuma sun fi saurin jawo rigima. Ba a juya madubi wajen gidan mutane, ko da wane irin tsuntsu ne a kan katangar, domin maigida ba zai yarda cewa hasbiya kuke kallo ba. Ba a ɗaga madubi ko waya kusa da barikin soja, ko shingen jami'an tsaro, ko ofishin 'yan sanda. Kafin ku shiga gona ko fadama a gai da mai wurin, kuma mai unguwa ko dagaci ya san da zuwanku. Yara su sa rufaffen takalmi saboda ƙaya da maciji, kowa da gorar ruwansa. Ba a shiga kududdufi ko tafki, saboda nutsewa da kuma tsargiya.

Abin da zai hana ta mutuwa bayan wata biyu

Ɗoki yana ƙarewa a mako na shida, lokacin da yara suka ga kurciyar jiya ita ce ta yau. Maganinsa shi ne a ba su tambayar da sai an daɗe ana kallo za a amsa ta.

Shekarar karatu da kanta tana taimakawa. Zangon farko, daga Satumba, ya dace da isowar baƙi daga Turai da yammacin Asiya, waɗanda ke ƙetare Sahara su yi hunturu a wurinmu, su koma wajen Maris da Afrilu. Zango na biyu na tsuntsayen ruwa ne, domin ruwa ya janye sun taru a sauran tafkuna. Zango na uku kuwa na shamuwa ne da saƙar sheƙa. Ku sa gasa: wa zai fara ganin shamuwa bana? A rubuta ranar, a rubuta ranar ruwan farko, a ƙidaya sheƙunanta a kan kuka ko tsamiyar da take sauka a gari. Manoma sun daɗe suna cewa in ta iso damina ta kusa. Bayan shekara uku ko huɗu littafinku zai fara nuna kwana nawa ke tsakani a garinku. Ka kuma nuna musu a taswira cewa in ta bar mu bayan damina, gabashi da kudancin Afirka take tafiya, ta ƙetare tsakiyar duniya ta bi wata daminar.

Ƙidayar ungulu wani aiki ne mai nauyi. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna yadda suke cika kwata da rufin kasuwa. Yau a garuruwa da yawa sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba gani cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba da kamun da ake yi musu don sayar da sassan jikinsu ga masu magani suna cikin manyan dalilai. Ku nemi izinin sarkin fawa, ku je kwata sau ɗaya a wata, rana ɗaya lokaci ɗaya, ku tsaya rabin awa. In ba ku ga ko ɗaya ba ku rubuta 0. Yara sukan ɗauka ranar ta tafi a banza, sai ka fahimtar da su cewa sifirin nan shi ne labarin.

A cikin makaranta, ku ajiye kasko marar zurfi a inuwa, kusa da bishiya, da dutse a tsakiya don ƙanana su sami wurin tsayawa. A sauya ruwan kullum saboda sauro, a raba aikin tsakanin yara. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai zafi, wannan kasko zai kawo muku tsuntsayen da ba ku taɓa sanin suna unguwar ba.

Kada ka ɓoye musu ɓangaren da ba shi da daɗi. Ɗan da tsuntsun jan baki ya cinye wa ubansa gonar shinkafa ko gero ba zai yarda duk tsuntsu abin so ba ne, kuma yana da gaskiya. Ku tattauna shi sosai: me ya sa suke taruwa dubbai, yaya ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru ta zame musu mafaka, me feshin magani ta jirgin sama yake yi wa sauran halittu.

Fitar da bayananku waje

Idan jerinku ya fara zama abin dogaro, wajen zango na biyu ko na uku, malami ya buɗe asusu ɗaya da sunan ƙungiya a eBird, shafin intanet na tara jerin tsuntsayen da aka gani, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ke gudanarwa. Akwai kuma shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, NiBAP, da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta. Sun yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da kwance, ana shigar da bayani ta manhajar BirdLasser. Cikakken jeri yana buƙatar aƙalla awa biyu ana dubawa, cikin kwanakin da ba su wuce biyar ba. Ka buɗe taswirar a gaban yara ku nemo gidan da makarantarku ta faɗa. In kuka tarar ba wanda ya taɓa aiko da komai daga can, ba sai ka ƙara yi musu wani wa'azi ba. Abin da ba ku tabbatar ba kada ku aika.

Ka rubuta wa APLORI da NCF, gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wasiƙa ta hannun shugaban makaranta, ka gabatar da ƙungiyar. Kada ka fara da roƙon kaya. Ka aika musu kwafin jerinku, ka tambaya ko akwai masu kallon tsuntsaye kusa da ku da za su ziyarce ku. Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya tana zuwa sau biyu a shekara, Asabar ta biyu a Mayu da ta biyu a Oktoba, ranar dausayi kuma 2 ga Fabrairu. Ko wacce ta dace da ku, ku karɓi minti goma a taron safe yara su yi bayani da bakinsu.

Babbar tafiya

Sau ɗaya a shekara, kuma sai bayan an yi zango biyu ana aiki, don ta zama lada. 'Yan Jigawa da Yobe suna da dausayin Haɗeja da Nguru, da Baturiya, da Dagona, inda daga Disamba zuwa Fabrairu agwagin ruwa baƙi ke haɗuwa da dinya da kirinjijiya. 'Yan Filato da Bauchi suna da dajin Amurum kusa da Jos, inda ake ganin wani ɗan jan tsuntsun duwatsu da masana ba su bayyana shi a matsayin iri na daban ba sai a 1998, ga kuma Yankari. 'Yan Maraɗi suna da tafkin Madarunfa. Amma madatsar ruwa ko fadamar da ke nisan rabin awa ta fi wuri mai suna da ke nisan awa biyar, kuma duk hanyar da ake shakkar tsaronta a bar ta, komai kyan wurin. Ka je kai kaɗai tukuna ka ga hanya da inuwa da wurin salla da bayan gida. Malami ɗaya ga yara biyar ko shida, a tashi da asuba, a dawo kafin la'asar. In an yi sa'a, ka tambayi tsofaffin wurin yaushe rabonsu da ganin gauraka a daji, tsuntsun da ake kira na ƙasa a Najeriya, wanda yanzu an fi ganinsa a tsakar gidan masu hali.

Tun shekarar farko ka shirya wa ranar da za a yi maka canjin wurin aiki. Babban littafi na makaranta ne, a ofis yake kwana, ba a jakarka ba. Malamar da kuke tare ta san kalmar sirrin asusun eBird. Kowane Satumba a ɗauki sababbi biyar daga ƙaramin aji, a haɗa kowanne da babba guda da zai koya masa riƙe madubi, kuma a bar manyan su jagoranci fita ɗaya a wata kana biye a baya ba ka cewa komai.